KUJERAR AUTA — Shafi na 17

Masu cewa na gudu na bar labari a rataye, ban gudu ba, gwiwoyina ma ba su kai wannan ba. Wayata ce ta faɗa bokitin wanke kujeru, sai yau ta farfaɗo. Mu ɗora.

*

Washegarin gangamin ina cikin shagona ina kankare cingam daga ƙarƙashin kujeru, sai wata baƙar mota ta tsaya a ƙofa, irin wadda ba a ganin na ciki. Ban ɗaga kai ba. Na daɗe da gano cewa idan ban kalli matsala ba, takan ɗan jira kafin ta yi sallama.

Wannan ba ta jira ba.

Mai Jaka ne ya fito, na hannun daman Mai Girma, mutumin da ba a taɓa ganinsa babu jaka ba, ba a kuma taɓa ganin abin da ke cikinta ba. Ya ce Mai Girma yana son ganina, kuma yanzu.

Na san dalili. Ga wanda ya tarar da mu a tsakiyar hanya: sana'ata hayar kujeru da rumfuna ce. Ƙanenmu Auta shi ne direban Mai Girma, har ranar da motar gidan gwamnati ta take wani mai sayar da jarida a shataletale ta gudu. Aka ce ai motar da Auta ke ja ce. A kotu ya ce ba shi ne a ciki ba. Aka ce to kana ina? Ya ce yana bakin aiki, amma ba zai ce ina ba. Aka ɗaure shi. Zaɓe ɗaya ya wuce yana ciki, ga na biyu ya ƙarato. Bara hoton kamarar wani kanti ya fito, kowa ya ga wanda ya sauko daga motar ya leƙa ƙarƙashinta ya koma ya ja: dogo ne kamar turken lantarki. Mu kuwa gidanmu ba a taɓa haifar wanda zai sauya ƙwan fitila bai hau tebur ba. Duk gari ya gani. Ofishin Mai Girma ya ce ana nazari.

Ita kuwa maganar kujera, wallahi ba da niyya na fara ta ba. A wani taron biki ne ƙafar wata kujera ta tsage, na kife ta a gefe don kada wani mai jiki ya zauna ya kai ni ƙara. Wata mata ta tambayi me ya sa aka kife ta, sai Yaya, babbar yayarmu, ta ce ta Auta ce, tana jiransa. Kafin wata ya zagayo, babu shagon aski ko teburin mai shayi da ba za ka ga kujera ɗaya a kife ba. A gangamin Mai Girma kuwa, mutane suka cika fili maƙil, kowa ya ɗauki kujerarsa ya kife, ya tsaya a bayanta. Ba ihu, ba jifa. Mutumin ya yi jawabinsa ga ƙafafun kujeru.

Kujeruna ne. Lambar wayata na rubuce a bayan kowacce da jan fenti. Duk wanda ya juya hoton gangamin sama-ƙasa zai karanta.

Na ce wa Mai Jaka bari in sa hula. Sai aka yi gyaran murya daga bayan tarin rumfuna. Yaya ce. Tun da ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare ta mai da shagona aji, ni kaɗai ne ɗalibin. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce mu je.

Mai Jaka ya ce ai Mai Kujeru kaɗai aka aiko shi ya ɗauko. Ta dube shi ta saman gilashi, ta tambaye shi ko ba shi ne yake zama a bencin baya yana cin alli ba. Ya ce an daɗe, Malama. Ta ce ita ba ta manta ba.

Da hannunsa ya buɗe mata ƙofar gaba. Ni na zauna a baya da jakar.

*

Ofishin Mai Girma sanyi gare shi kamar ɗakin ajiye gawa. Ga hotonsa a bango ya fi shi ƙuruciya, ga tuta, ga tebur mai faɗin da za a iya yi wa mutum aikin tiyata a kansa. Ni dai ido na sana'a gare ni, kujerun baƙi na fara dubawa. An rage musu ƙafa. Duk tsawonka idan ka zauna, sai ka ɗaga kai kafin ka ga fuskar mai ofis. Aiki ne mai kyau, na yaba wa kafintan a zuciyata.

Ya ce mu zauna. Na zauna.

Yaya ta ce ta gode, a tsaye take.

Sai na rasa yadda zan yi, na ɗan ɗaga ɗuwawu na tsaya tsakanin zama da tashi kamar mai ciwon baya. Daga ƙarshe na koma na zauna, don ko jarumta tana bukatar gwiwa mai lafiya.

Ya fara da daɗin baki. Ya tambayi jikin tsohuwarmu, ya ce Auta ɗansa ne, babu ranar da ba ya tuna shi. Ya ce abin da ya faru jiya ya taɓa masa zuciya, shi shugaba ne mai sauraron jama'a. Idonsa ja, da gani bai yi barci ba. Sannan ya ce ya yanke shawara: ranar Asabar, a babban gangami, zai yi wa Auta afuwa. Auta zai hau dandamali, ya nemi gafarar iyalan mamacin, ya yi godiya, shi ke nan ya tafi gida. Mu kuma mu yi wa mutane magana su miƙe kujeru.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi tsalle. Tsohuwarmu idonta ya fara tafiya, kullum sai ta ce tana so ta ga fuskarsa tun tana iya bambance shi da labule. 'Yarsa ta shiga makaranta ba ta san tsayuwar ubanta ba sai ta bayan raga. Asabar kuwa ga ta nan kusa. Har na buɗe baki, godiyar ta taho ta kai maƙogwaro.

Yaya ta ɗora hannu a kafaɗata. Godiyar ta koma ciki.

"Afuwa mai laifi ake yi wa," in ji ta.

Mai Girma ya yi murmushi ya ce Malama, kada a tsaya kan kalmomi, fitowa dai fitowa ce. Ta ce ita shekarunta duka a kan kalmomi ta ƙarar da su. Ta lissafa masa a hankali kamar tana koyar da 'yan aji biyu: idan ya fito da afuwa, sunansa na nan a matsayin wanda ya take mutum ya gudu. Babu mai sake ba shi makullin mota, shi kuma bai iya komai ba sai tuƙi. Yarinyar nan a makaranta za a ci gaba da kiranta da abin da ake kiranta. Matar mai jarida kuma za a ce mata an rufe magana, alhali dogon yana yawo a gari yana shan iska.

Ya ce shi ba alƙali ba ne, ba ya sa baki a harkar kotu. Ta ce babban lauyan gwamnati a ƙarƙashinsa yake, kalma ɗaya ta isa ya nemi a sake buɗe shari'a. Ya ce ana nazari. Ta ce ko yaron da ya fi kowa daƙiƙanci a makarantarta bai taɓa shekara yana nazarin hoto ɗaya ba.

A nan Mai Jaka ya shigo da murya ƙasa-ƙasa, wai shi mai sulhu. Ya ce mu duba halin da ake ciki. Abokin hamayya har ya buga fasta da kujera a kife, ko fuskarsa bai sa ba. Dattawan jam'iyya sun yi zama da safen nan, sun ce idan Asabar ta zo aka sake irin ta jiya, mataimakinsa za su ba takarar. Sake shari'a kuma abu ne na watanni, zaɓe ba zai jira ba. Ya ce a taimaki juna.

Yaya ta ce wato kenan ba Auta ne ke bukatar afuwar ba.

Duk wannan abin da ake yi, ni ina zaune a kujerata. Ina kallon Mai Girma dai. Gaskiyar magana ba shi nake kallo ba, kujerarsa nake kallo. Irin mai juyawa ce, kuma duk sanda ya jingina sai in ga ta karkata hagu, alamar ƙusa ɗaya ta kwance a ƙasa. Ina ta tunanin ko in faɗa masa ko in bari. Matata ta sha gaya min cewa idan ina tunanin banza fuskata takan yi kama da ta wanda ya san inda aka binne wani abu.

Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Ya buga tebur, ba da ƙarfi ba. Ya nuna ni.

"Kai, Mai Kujeru. Tun da ka shigo kake min wannan kallon. Mu daina zagaye-zagaye. Yaushe ya gaya muku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe?"

"Kada ka raina min hankali. Kun tara min gari a tsaye, kun ƙi afuwa, kun nace sai kotu. Don a sa ni a akwatin shaida ne, ko ba haka ba?"

Mai Jaka ya ce, "Yallaɓai..."

Bai ko kalle shi ba.

"Na san ya gaya muku ranar yana tare da ni. Babu ɗan Adam ɗin da zai yi waɗannan shekarun a can bai gaya wa 'yan uwansa ba. Ni kaina ba zan iya ba. To na ji, tare muke, tun safe har yamma, a wata motar. Sai me? Ku faɗi abin da kuke so."



Mai Jaka ya rufe ido, ya rungume jakarsa kamar wanda mota ke shirin faɗawa rami da shi.

Hannun Yaya da ke kafaɗata ya yi nauyi. Sai ta cire gilashinta, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar.

"Maimaita," ta ce. "Na baya ba su ji ba."

A lokacin ne Mai Girma ya dube ta, ya dube ni, ya ga bakina a buɗe. Kuma bakina idan ya buɗe don mamaki ba ya kama da na kowa sai na mai mamaki. Na ga abin ya sauka a fuskarsa a hankali, kamar ruwa na bin bango.

Na ji muryata tana fita ba tare da na ba ta izini ba. Na ce masa Auta bai gaya mana ba. Lauya ya roƙe shi har ya gaji. Tsohuwarmu ta yi masa kuka, ta ce ko a kunne ya raɗa mata. Matarsa ta yi yaji ta dawo. Abin da yake cewa kawai, ya yi rantsuwa, kuma wanda ya yi wa rantsuwar ba zai bar shi a ciki ba. Mu mun ɗauka wata mace ce yake rufa wa asiri. Har Yaya ta yi wata guda ba ta je ganinsa ba saboda haushin hakan.

Mai Girma ya jingina. Kujerar ta karkata hagu. Wannan karon ban ji ina son gaya masa ba.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya sauya murya. Ya ce abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan ya mutu. Wa zai yarda da mai hayar kujeru da tsohuwar malama? Ya tuna min cewa rumbun da nake ajiye kayana na gwamnati ne, kuma takardar izinin sana'ata hannu ɗaya ya sa ta, hannu ɗaya zai iya cire ta. Ya ce kafin la'asar zai iya sa a kwashe kujeruna kaf a zuba a mota, ya ga abin da za a kife ranar Asabar.

Ni mutum ne da idan ɗan sanda ya ce min sannu sai na ba shi haƙuri. Amma ban san lokacin da na miƙe ba. Gwiwar ta yi ƙara, kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, a kwashe. Dama sun tsufa. Amma mutanen nan ba zama ya kawo su ba. Kuma ita ƙuri'a a tsaye ake jefa ta."

Yaya ta juyo ta kalle ni. Tun ina aji ɗaya nake jiran wannan kallon, sai yau da furfura ta cika min gemu na same shi.

Sannan ta juya gare shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hanya ɗaya ta rage masa, kuma ba ita ta toshe sauran ba. Ya kira babban lauyansa yau, ya je kotu da ƙafarsa ya ce yaron nan yana tare da ni. Ya ce idan ya faɗi haka za a tambaye shi ina suka je, kuma ranar da aka san wannan ya gama siyasa. Ta ce idan bai faɗa ba ma ya gama, bambancin kawai ko zai sauka da ƙafarsa ko a sauke shi.

Ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora.

"Kuna ta magana a madadinsa. Shi mai abin ya yarda. Yana nan ma, ana gwada masa kayan Asabar." Ya yi wa Mai Jaka nuni da kai. "Shigo da shi ya gaya musu da bakinsa."

Mai Jaka ya ce Yallaɓai, da an bari tukuna. Mai Girma ya ce a shigo da shi.

Ƙofar gefe ta buɗe.

Gandiroba ne ya fara shigowa. Sai Auta. Sai tela a bayansa da allurai a baki yana riƙe da gefen rigar, kuma duk wanda ya san telan nan ya san bakinsa ya fi kekensa gudu.

Auta ya rame, wuyansa ya yi tsawo, abin da bai taɓa yi ba a gidanmu. An saka masa farar riga sabuwa fil, da zanen alli a kafaɗa, hannun ya rufe masa yatsu. Da ya gan mu fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya durƙusa ya gai da Yaya, ya kama hannuna da hannu biyu, ya tambayi tsohuwa. Ya ce mun ji labari ko? An ce masa an wanke shi. An gano ba shi ba ne, ranar Asabar za a sanar a gaban kowa. Ya ce dama ya gaya mana maigida ba zai bar shi ba.

Na kalli Mai Jaka. Mai Jaka yana kallon tuta.

Yaya ce ta gaya masa, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Ta ce ba wankewa ba ce, afuwa ce. Zai hau dandamali ya ce shi ya take mutumin, ya nemi gafarar matarsa, sannan ya gode.

"In ce ni na take shi?"



Ya juya ya dubi Mai Girma. Mai Girma ya ce Auta, ka fahimta, hanya ce kawai, mafi sauri, ai ni da kai mun san gaskiya, sauran duk surutu ne. Bayan zaɓe komai zai daidaita.

Auta ya ce haka aka ce masa wancan zaɓen.

Sai Yaya ta ce, "Ya riga ya gaya mana kuna tare ranar. Da bakinsa, yanzun nan."

 Auta ya kama wuyan rigar ya cire ta ta ka, allurai suna zuba a kan kafet. Ya ninke ta da kyau, kamar yadda yake ninke tsumman goge mota, ya miƙa wa tela. Kayan gidan yari ne a ƙasa. Tela ya karɓa bai ko duba ba, ya cire sauran alluran daga bakinsa don kada su hana shi ji.

Mai Girma ya ce gandiroba da tela su fita.

Gandiroba ya ce a gafarce shi, doka ba ta ba shi damar barin fursuna ba. Tela kuwa ko motsi bai yi ba.

Auta ya matso gaban teburin, ya haɗa hannuwa a baya, tsayuwar da yake yi a jikin mota idan yana jiran maigida ya fito.

"Ranka ya daɗe, rantsuwar da ka sa na yi, cewa na yi ba za a fara ji daga bakina ba. Kuma ba a fara ji daga bakina ba."

"Auta."

"Saura inda muka je. Kai za ka faɗa, ko ni?"